Kwana Nawa Jarinmu Yake Ciyar da Mu?

Manomin ƙasar Kankiya ko Kusada ba ya bukatar alƙalami kafin ya san matsayin gidansa. Idan kaka ta yi, aka kai dammunan gero da dawa rumbu, da ido kawai yakan faɗi watan da hatsin zai kai iyalinsa, ko zai ga ruwan fari, ko kuwa tun bazara za a fara awo. Ya san damin da ake sussukawa a mako, ya kuma san bakunan da ke ci. Amma da zarar dukiya ta koma kuɗi sai wannan sani ya ɓace mana. Malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da mai shago a bakin titin Kano zuwa Katsina, kowannenmu yana iya faɗin abin da ya shiga hannunsa a wata, amma ƙalilan ne za su iya faɗin inda ya tafi. A darasinmu na yau muna so mu koma ga hikimar mai rumbu, mu ɗora ta a kan kuɗi, domin akwai ranar da ƙarfi zai ƙare, albashi ya tsaya, baki kuwa ba zai daina ci ba.

Tambayar da za mu riƙe ita ce wannan: idan yau muka kasa fita aiki, kwana nawa a shekara abin da muka ajiye zai ciyar da gidanmu, ba tare da mun taɓa uwar kuɗin ba? Wanda amsarsa ta kai kwana 365, shi ne ake cewa ya tsaya da ƙafafunsa. Yawancinmu amsarmu ba za ta wuce mako ɗaya ko biyu ba, wasu ma ko kwana ɗaya babu. Wannan ba abin kunya ba ne. Yusufu ma a ƙasar Masar da kashi ɗaya cikin biyar na amfanin kowace shekara ya cika rumbunan Fir'auna.

Littafi ɗaya, shafi biyu

Abin da ake bukata bai wuce littafin rubutu irin na 'yan makaranta ba. A shafin hagu a rubuta duk abin da ya fita, a shafin dama kuma abin da jari ya haifar. Albashi da cinikin yau da kullum a ba su wurinsu dabam a bayan littafin, gama su gumi ne, ranar da gumi ya tsaya su ma sun tsaya.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A ƙasar Japan wata 'yar jarida, Hani Motoko, ta fitar da littafin lissafin gida domin matan aure tun 1904, har yau kuwa ana amfani da irinsa. A Amurka kuma, a 1992, Vicki Robin da Joe Dominguez suka wallafa littafin Your Money or Your Life, inda suka koya wa mutane su manna takarda a bango, kowane wata su ja layin abin da suka kashe da layin abin da jarinsu ya kawo, su dinga duban yadda layukan biyu ke matsowa kusa da juna. Ranar da suka haɗu, aiki ya zama na ganin dama.

Shafin hagu shi ne mai wuya, kuma a nan ne akasari ake karaya. Kuɗin makaranta da na haya da na taki ba sa ɓuya, domin a dunƙule suke fita, suna fita da zafi. Masu ɓuya su ne ƙanana: katin waya, kuɗin acaba, niƙa, magi da gishiri, ɗari biyun da yaro ya karɓa da safe, ladan mai POS duk sa'ad da muka ciri kuɗi. Akwai kuma waɗanda kunya ke hana mu rubutawa, kamar gudummawar biki, da anko, da abin da aka miƙa wa ɗan'uwan da ya zo da kuka. A rubuta su duka, har da baiko da godiyar kaka. Rubutawa ba rowa ba ce. Mutumin da ya san abin da zumunci ke ci masa a shekara shi ne yake iya yi masa tanadi, ya bayar da sakin fuska.

Abu biyu ne muke yawan kuskurewa a wannan yanki namu. Na fari, hatsin da aka ɗebo daga rumbu. Tun da ba a saya ba, sai mu ɗauka kyauta ne. To, a rubuta tiya nawa aka ɗiba, a sa mata farashin da ake sayar da ita a kasuwar Kankiya ko ta Charanchi a wannan mako, in ba haka ba lissafin zai nuna gidan yana rayuwa da araha, alhali ranar da maigida ya kasa riƙe fartanya sayen hatsin nan za a yi. Na biyu, littafin da maigida ke rubutawa shi kaɗai rabin littafi ne. Uwargida ce ta san abin da tukunya ke ci, sau da yawa kuma daga ribar ƙosanta ko ɗinkinta take cike giɓin cefane ba tare da ta faɗa ba. Ba muna cewa ta zube asusunta a gaban miji ba, dukiyarta tata ce. Amma abin da ta kashe wa gida dole ya shiga shafin hagu. Kuma kada a yanke hukunci da lissafin wata ɗaya. Watan Satumba mai kuɗin makaranta ba ɗaya yake da Nuwamba ba, Yuni mai taki da 'yan ƙwadago ba ɗaya yake da Fabrairu ba. Sai shekara ta zagayo, a haɗa jimla, a raba.

Abin da ake kira rabon riba

Yanzu mu juya shafin dama. Kowa a cikinmu ya san al'adar ba da kiwo: mace ta sayi akuya, ta miƙa wa wata ta riƙe mata, in ta haihu a raba 'ya'ya bisa yadda aka shirya, uwar kuwa tana nan ta mai ita. Hannun jari haka yake. Wanda ya sayi hannun jarin kamfani ya mallaki wani ɗan yanki na kamfanin. In shekara ta ƙare da riba, shugabannin kamfani sukan ba da shawarar abin da za a raba a kan kowane hannu, babban taron masu hannun jari ya amince, sa'an nan magatakardan kamfanin ya biya duk wanda sunansa ke cikin rajista a ranar da aka tsayar. Kafin kuɗin ya iso, gwamnati takan cire harajin kashi goma cikin ɗari. Saboda haka abin da ya shigo asusu shi za a rubuta, ba abin da aka ji a rediyo ba. Yawancin manyan kamfanoni suna rufe lissafinsu a Disamba, su biya tsakanin Afrilu da Yuni, wato daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin taki. Wasu kuma sukan ƙara da ɗan rabo na tsakiyar shekara.

Kasuwar da ake wannan ciniki an kafa ta a Legas a 1960, ta fara aiki a 1961, tun 2021 kuma ake kiranta NGX. Ba a shiga sai ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC, shi ne zai buɗe wa mutum asusu a ma'ajiyar CSCS inda ake adana hannayen jari. A zamanin da sai an je Kano ko Kaduna. Yanzu da waya ake yi.

Ba hannun jarin kamfani kaɗai ke shiga shafin dama ba. Akwai rabon ƙarshen shekara na ƙungiyar gama kai, da kuɗin hayar ɗaki ko shago bayan an cire gyara, da kuɗin 'yan awaki bayan an cire dusa da magani. Akwai takardar bashin gwamnatin tarayya ta ƙananan masu ajiya, wadda aka fara a 2017, ana shiga da naira 5,000, ana biyan ruwa duk wata uku. A wannan shekarar kuma gwamnatin tarayya ta fara sukuk, wanda maƙwabtanmu Musulmi suka fi natsuwa da shi don babu kuɗin ruwa a ciki. Amma kwasar adashi ba ta shiga, gama kuɗinmu ne ya dawo mana, bai haihu ba. Haka nan in an sayar da uwar akuya, ko gona, ko hannun jarin kansa, wannan ba riba ba ce, rumbu aka rushe aka dafa abinci da itacensa.

Mu gwada da lissafi

A ce ga wani gida a Kusada, maigida malami, uwargida mai ɗinki, da 'ya'ya biyar. Bayan shekara guda littafinsu ya nuna sun kashe naira 1,800,000, har da hatsin gona. In an raba da kwanakin shekara, kusan naira 5,000 ke nan a yini. A ce kuma suna da hannu 1,000 a kamfanin simintin Dangote, wanda ya raba naira 30 a kan kowane hannu na shekarar 2023. Naira 30,000 ke nan, a cire haraji, saura 27,000. A ƙara da 18,000 daga ƙungiyar gama kai ta malamai, da 55,000 daga 'yan awaki. Jimla 100,000. Jarin wannan gida yana ciyar da shi kwana 20 a shekara.

Shekara ta gaba sai jimlar shafin dama ta hau zuwa 120,000, maigida yana murna. Amma tsadar kaya ta kai shafin hagu 2,400,000. In aka sake rabawa, kwana 18 ne. Naira ta ƙaru, kwanaki sun ragu. Wannan ne dalilin da ya sa muka nace a auna da kwana, kada a auna da naira. Duk mun ga abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023; zuwa Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kamfanin simintin nan ya raba naira 20 na shekarar 2022, ya ɗaga zuwa 30 na 2023, ya sake biyan 30 na 2024. A takarda mai hannun jari bai yi asara ba a shekarar ta ƙarshe, amma a gaban mai awo ya yi.

Ga kuma wani abin da lissafin ke tonawa, wanda a ganinmu ya fi kome amfani ga mai ƙaramin ƙarfi. In gidan nan ya toshe ɓarnar naira 500 a yini, ya tsirar da 182,500 a shekara. Kafin rabon riba ya kawo masa wannan adadi, sai ya mallaki hannu kusan 6,800 na kamfanin, alhali a ƙarshen 2024 kowane hannu ya haura naira 400. Wato jarin da ya wuce naira miliyan biyu da rabi. Abin da aka rage a shafin hagu aiki biyu yake yi: yana rage nauyin kowace rana, yana kuma zama kuɗin sayen sabon jari. Sai dai a yi hankali da inda za a sa wuƙa. Rage abincin yara ko jinkirta zuwa asibiti ba tattali ba ne, bashi ne da za a biya da tsada.

Masu bin wannan hanya a Amurka suna da ƙa'idar da suke yawan ambata, cewa wanda ya tara ninki 25 na abin da yake kashewa a shekara ya isa ya huta, yana cin kashi huɗu cikin ɗari kowace shekara. Asalinta binciken da William Bengen ya buga a 1994, bisa tarihin kasuwar Amurka tun daga 1926, domin mai ritaya na shekara talatin. Ga gidanmu na Kusada wannan naira miliyan 45 ke nan. Ba mu kawo adadin don mu karya wa kowa gwiwa ba, sai don mu nuna cewa rigar ba a jikinmu aka auna ta ba: an ɗinka ta ne a ƙasar da farashi ke tafiya a hankali, kuma inda mutum ba ya ɗauke da dangi. Mu namu tsani hawa-hawa ne. Matakin fari, jari ya ɗauki kuɗin taki. Na biyu, ya ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya. Na uku, ya ɗauki awon watannin nan masu wuya, Yuli da Agusta, kafin sabon gero ya nuna. Gidan da ya kai nan ya daina cin bashin damina, wanda ake biya da hatsi a farashin kaka, kuma wannan kaɗai 'yanci ne babba.

Akuya ma takan yi ɓari

Ba za mu ɓoye muku ba, rabon riba ba albashi ba ne, ba wanda ya yi alkawarinsa. A Disamba 2021 kamfanin MTN na Nijeriya ya sayar wa jama'a hannun jari a kan naira 169, mafi ƙanƙanta hannu 20. Na shekarar 2022 an raba naira 15 da kwabo 60 a kan kowane hannu. Da darajar naira ta faɗi kamfanin ya tafka asara, shekarar 2024 ta wuce ba a raba ko kwabo ba, sai a ƙarshen 2025 aka koma biya. Wanda ya jingina kuɗin makarantar 'ya'yansa ga wannan kamfani shi kaɗai ya ji jiki.

Dattawanmu sun ga abin da ya fi haka. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, a zamanin Charles Soludo, ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, suka bazama suna tallar hannun jari har ƙauyuka. Ma'aikata suka zuba kuɗin sallama, wasu suka ci bashi suka saya. Daga Maris 2008 zuwa Maris 2009 ma'aunin kasuwar ya zube da fiye da kashi biyu cikin uku. A 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Darasin a fili yake: kada a ci bashi a sayi jari, kada a zuba kuɗin da za a bukata kafin shekara biyar, kada kuma a tara kome a wuri ɗaya. Gidan da ke da ɗan hannun jari, da 'yan dabbobi, da rabo a ƙungiya, da hatsin ajiya, wuya ne duka su kwanta a shekara guda.

Game da masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya kuwa, ba sai mun tsawaita ba. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ta maimaita a Afrilu 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mai riƙe da littafi yana da kariya, domin ya saba ganin abin da jari na gaskiya ke haifarwa, ya san naira ɗari ba ta haihuwar ɗari a kwana talatin.

Takardun da ke cikin adaka

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi gwauraye da marayu a cikinmu. Tun daga dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, har zuwa guguwar bankuna ta 2004 zuwa 2008, malamai da 'yan sanda da ma'aikatan ƙananan hukumomi da yawa sun sayi hannun jari. A lokacin ta gidan waya ake aiko da takardar biya. Mutum ya canja wurin aiki, ko ya rasu, takardu suka yi ta zuwa akwatin da ba mai buɗewa. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Wani ɓangare na wannan kuɗi na gidajen da yau ake rasa kuɗin magani ne, takardar shaidar tana kwance a ƙasan adaka tare da tsofaffin hotuna.

Tun 2015 aka shimfiɗa tsarin biya kai tsaye cikin asusun banki. Mai hannun jari yakan cika takardar umarni a bankinsa ko wurin magatakardan kamfanin, da lambarsa ta BVN, da hoto, sai a tura masa abin da ya taru. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba za a mayar da ita wani asusun amana na gwamnatin tarayya, amma tana nan a matsayin bashi, mai ita yana da ikon nema. Inda aka fi samun cikas shi ne suna. Wani ya saya da sunan baftisma, asusunsa na banki kuwa da sunan gida. Wani ya juya sunayensa iri-iri don ya sami rabo da yawa. Wannan yana gyaruwa, amma sai da haƙuri da takardar rantsuwa. In mai jarin ya rasu, magada sai sun kawo takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da gado daga kotu, abin da kan ɗauki watanni. Kamfanin da ya canja suna ko ya haɗe da wani, jarinsa sau da yawa yana nan da rai. Dillali mai rajista zai iya bincikawa. Wanda kuwa aka rushe, sai a haƙura.

Don haka shafin ƙarshe na littafin gida a keɓe shi domin jerin abin da aka mallaka: sunan kamfani, yawan hannu, sunan da aka saya da shi harafi da harafi, sunan dillali, lambar asusu, da wurin da takardun suke. Haka ma wanda aka ba kiwo, da ƙungiyar da ake zubi. Miji ya nuna wa matarsa shafin, mata ta nuna wa mijinta, a kuma nuna wa babba a cikin 'ya'ya. Mun san akwai masu ganin yin haka kamar kiran mutuwa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, muna roƙon kowane gida ya sayi littafi, ya rubuta abin da ya fita na kwana bakwai ba tare da tsallake ko naira hamsin ba, ya kuma buɗe adakar tsofaffi ya duba. Waɗanda karatu ya yi musu wuya su sa ɗan makarantar da ke gidan ya riƙe alƙalami, su kuwa su riƙa faɗa masa da yamma bayan an ci tuwo. Wanda ya sami tsohuwar takardar hannun jari kada ya miƙa wa kowa asalinta. Ya yi mata hoto, ya tafi banki da kwafin.